Tambayoyi da Amsoshi: Me Ke Biyo Baya Idan Ƙasa Ta Yi wa Abokiyar Gabarta Ruwan Bama-bamai?

Duk lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashe biyu, ba a rasa masu kira da a tayar da jiragen yaƙi a je a koya wa abokiyar gaba hankali. Masu wannan kira sukan yi dogon bayani a kan irin bam ɗin da za a jefa da wurin da zai faɗa, amma kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su faɗi abin da zai faru washegari. Tambayoyin da ke ƙasa sun karkata ne ga wannan washegarin, ta fuskar siyasa da ta tsaro.

Me ya sa shugabanni suke saurin zaɓar hari ta sama?

Domin a idon mai mulki shi ne mataki mafi arha a siyasance. Shugaban da ya tura sojojin ƙasa ya san cewa gawarwakin 'ya'yan mutane za su riƙa dawowa gida, kuma iyayensu za su tambaye shi dalili, amma wanda ya harba makamai masu linzami daga jirgin ruwa yana iya fitowa a talabijin cikin daren nan ya ce ya ɗauki mataki ba tare da ya rasa soja ko ɗaya ba. Haka Amurka ta yi a watan Afrilu na 2017, lokacin da ta harba makamai masu linzami 59 kan sansanin jiragen Shayrat da ke Siriya domin hukunta gwamnatin Bashar al-Assad a kan amfani da iskar guba. Ba a daɗe ba jirage suka ci gaba da tashi daga wannan sansani, Assad kuma ya ƙara shekara bakwai a kan mulki, har sai da mayaƙa suka shiga Damaskas ta ƙasa a watan Disamba na 2024.

Shin wahalar bama-bamai tana sa jama'a su juya wa gwamnatinsu baya?

Wannan shi ne zato mafi daɗewa a cikin lamarin, kuma shi ne wanda tarihi ya fi ƙaryatawa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu hafsoshin soja suka yi imani cewa idan aka jefa wa birane wuta, talakawa za su firgita su tilasta wa shugabanninsu miƙa wuya. Jamus ta gwada wannan a kan Birtaniya daga watan Satumba na 1940 zuwa Mayu na 1941, ta kashe fararen hula sama da 40,000, amma mutanen Landan suka riƙa kwana a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, gari na wayewa su koma bakin aiki, gwamnatin Winston Churchill kuma ta ƙara samun goyon baya. Daga baya Birtaniya da Amurka suka mayar da martani da abin da ya ninka wannan: a Hamburg kaɗai, a watan Yuli na 1943, kusan mutum 40,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Duk da haka Jamusawa ba su yi wa Hitler bore ba, ƙera jiragen yaƙi a Jamus ma sai a 1944 ya kai ƙololuwarsa. Abin da ya karya ƙarfin Jamus daga sama shi ne hare-haren da aka mayar kan matatun mai da hanyoyin jirgin ƙasa, kuma ko shi ɗin sai da ya haɗu da rundunonin da suka kutsa ta gabas da ta yamma.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya sa kansa a matsayin mutumin da ke ƙarƙashin jiragen. Wanda aka rushe wa gida ba ya da lokacin shirya zanga-zanga, domin hankalinsa yana kan inda zai kwantar da 'ya'yansa da abin da zai ba su su ci, kuma hukumar da ke raba abinci da mafaka ita ce wannan gwamnati da ake so ya tayar wa. Ga kuma fushi, wanda yake tafiya kai tsaye zuwa ga wanda ya jefo bam ɗin. A irin wannan yanayi ɗan adawar da ya buɗe baki ya soki shugaba nan da nan za a kira shi ɗan leƙen asirin maƙiya, kuma jama'a da yawa za su yarda. Masu sassaucin ra'ayi da suka daɗe suna cewa a zauna a tattauna su ne suke fara jin kunya, masu tsattsauran ra'ayi kuwa su ce dama sun faɗa. Mamayar da Saddam Husaini ya kai wa Iran a 1980, da ruwan makamai masu linzami da ya yi wa biranenta daga baya, sun taimaka wa sabuwar gwamnatin juyin juya hali wajen kafuwa da murƙushe abokan hamayyarta na cikin gida. Rasha ma ta yi ta dagargaza tashoshin lantarkin Yukren tun daga watan Oktoba na 2022, mutane suka sha sanyin hunturu cikin duhu, amma hakan bai sa sun nemi gwamnatinsu ta sallama ba.

To babu inda hari ta sama ya biya buƙata ke nan?

Akwai, kuma adalci ne a faɗe shi. A watan Satumba na 2007 Isra'ila ta rushe wata tashar nukiliya da Siriya ke ginawa a asirce a yankin Deir ez-Zor, Siriya ba ta rama ba, ba ta kuma sake gina ta ba. Abin lura shi ne tashar guda ɗaya ce tak, ba a fara aiki da ita ba, kuma Isra'ila ta yi gum da bakinta, ba ta amsa cewa ita ce ba sai a 2018, wanda hakan ya bai wa Assad damar haɗiye abin ba tare da ya tozarta a gaban jama'arsa ba.

Misali na biyu da aka fi kawowa shi ne Kosobo a 1999. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta fara kai wa Yugoslabiya hare-hare ranar 24 ga Maris da tsammanin shugabanta Slobodan Milosevic zai saduda cikin 'yan kwanaki, sai ga shi an kwashe kwana 78. A cikin waɗannan makonni ne aka fi tsananta korar Albaniyawan Kosobo, har sama da mutum 800,000 suka tsallaka iyaka. Milosevic bai janye ba sai da Rasha ta nuna masa cewa ba za ta tsaya masa ba, maganar shigar sojojin ƙasa kuma ta fara ƙarfi. Har yau akwai dakarun NATO a Kosobo. Saboda haka ko inda aka yi nasara, buƙatar da aka nema ƙarama ce kuma bayyananniya, sannan akwai wani abu a bayan jiragen, ko diflomasiyya ko sojan da zai tsaya a ƙasa.

Ta wace hanya ƙasar da aka kai wa hari take ramawa?

Ba lallai ne ta rama da irin makamin da aka doke ta da shi ba, ba lallai kuma ta rama a wannan makon ba. Ƙasar da ba ta da ƙarfin jiragen sama takan nemi inda abokiyar gabarta take da rauni: sansanoninta da ke ƙasashen maƙwabta, jiragen ruwanta na kasuwanci, ofisoshin jakadancinta, ko kuma fararen hularta da ke tafiye-tafiye. Amurka ta yi wa Turabulus da Bengazi luguden wuta a watan Afrilu na 1986, aka ce an ladabtar da Mu'ammar Gaddafi. A watan Disamba na 1988 bam ya tarwatsa jirgin fasinjan Amurka a sararin samaniyar Lockerbie da ke Sikotland, mutum 270 suka mutu, daga baya kotu ta samu wani jami'in leƙen asirin Libiya da laifi, Libiya kuma ta biya diyya.

Akwai kuma haɗarin kuskure a lokacin da kowa ya ɗora yatsa a kan kunamar bindiga. Bayan da Amurka ta kashe Janar Ƙasim Sulaimani na Iran a Bagadaza ranar 3 ga Janairu na 2020, Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad da ke Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, ranar 8 ga watan. Sa'o'i kaɗan bayan haka, dakarunta da ke zaman ɗar-ɗar suna jiran martani suka harbo jirgin fasinjan Yukren da ya tashi daga Tehran, duka mutum 176 da ke ciki suka rasu. Babu wanda ya tsara mutuwar waɗannan bayin Allah, amma yanayin da harin farko ya haifar ne ya kai ga ajalinsu.

Idan manufar ita ce hana ƙasa mallakar makamin nukiliya, ba gara a rushe tashoshinta tun da wuri ba?

A nan ne muhawarar ta fi zafi, kuma a nan ne ya fi dacewa a yi taka-tsantsan. Bam yana iya rushe gini da injunan tace sinadarin yuraniyom, amma ba ya iya goge ilimin da ke kan dubban injiniyoyi da masana, kuma yana iya sauya niyyar shugabanni daga shakka zuwa yaƙini. Ranar 7 ga Yuni na 1981 jiragen Isra'ila suka rushe tashar nukiliya ta Osirak da ke kusa da Bagadaza, wadda Faransa ta gina kuma take ƙarƙashin sa idon hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya. Abin da Saddam ya yi bayan nan shi ne ya mayar da shirin ƙarƙashin ƙasa, ya zuba masa kuɗi da ma'aikata fiye da da, ya rarraba shi wurare daban-daban, kuma duniya ba ta san girmansa ba sai da masu bincike suka shiga Iraƙi bayan yaƙin 1991. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ya faru da Iran a watan Yuni na 2025 ya sake tayar da wannan tambaya. Isra'ila ta fara kai hari ranar 13 ga watan, Amurka ta jefa manyan bama-bamai kan tashoshin nukiliya na Fordo da Natanz, ta kuma harba makamai masu linzami kan ta Isfahan ranar 22, Iran ta mayar da martani kan sansanin Al-Udeid da ke Ƙatar, inda sojojin Amurka suke, sannan aka tsagaita wuta bayan kwana 12. An yi wa tashoshin ɓarna mai yawa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai kafin harin masu binciken hukumar ta duniya suna da lissafin sama da kilo 400 na yuraniyom da Iran ta tace zuwa kashi 60 cikin ɗari, bayan harin kuwa Iran ta kafa dokar dakatar da haɗin kai da hukumar, masu binciken suka fice daga ƙasar. A ganina wannan asara ce babba da ba a cika sa ta a ma'auni ba, domin idon da ke cikin ɗaki ya fi hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama.

Sauran ƙasashe ma suna kallo suna ɗaukar darasi. Gaddafi ya miƙa shirinsa na makaman ƙare-dangi a watan Disamba na 2003, shekara takwas bayan haka jiragen NATO suka taimaka wajen kifar da shi. Koriya ta Arewa, wadda ta yi gwajinta na farko a 2006, ta sha ambaton makomar Libiya da Iraƙi a matsayin hujjarta ta ƙin rabuwa da nata makaman.

Me dokar ƙasa da ƙasa ta ce?

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 2 sakin layi na 4, ya haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Hanyoyi biyu kawai ya bari: kare kai idan an kawo wa ƙasa hari da makami, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, ko kuma izinin Kwamitin Sulhu a ƙarƙashin babi na bakwai. Kasancewar ƙasa maƙiyiya, ko shugabanta azzalumi, ko kuma tsoron abin da za ta iya yi nan da wasu shekaru, duk ba su cikin waɗannan hanyoyi. Shi ya sa Kwamitin Sulhu ya yi tir da harin Osirak a ƙuduri mai lamba 487, Amurka ma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa.

Wani zai ce doka ba ta da haƙora a kan manyan ƙasashe masu hawa kujerar na-ƙi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma karya ta yana da farashi, ko da ba a biya shi nan take ba. NATO ta shiga yaƙin Kosobo ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, daga baya Rasha ta riƙa kafa hujja da Kosobo wajen kare abin da ta yi a Jojiya a 2008 da Kirimiya a 2014. Duk ƙofar da mai ƙarfi ya buɗe wa kansa, wani mai ƙarfin zai zo ya bi ta cikinta.

Ai makaman zamani ba sa kuskure. Shin har yanzu fararen hula suna cikin haɗari?

Makamin yana iya faɗawa daidai inda aka saita shi, amma mutum ne yake zaɓar wurin, bisa bayanan sirrin da suke iya zama tsofaffi ko na ƙarya. Ranar 13 ga Fabrairu na 1991 bama-bamai biyu masu bin hasken leza suka huda rufin wata mafaka a unguwar Amiriyya ta Bagadaza, wadda Amurka ta ce cibiyar ba da umarnin soja ce. Waɗanda ke ciki iyalai ne da suka je kwana domin tsira, yawancinsu mata da yara, sama da 400 suka ƙone. A watan Mayu na 1999 jirgin Amurka ya jefa bam kan ofishin jakadancin Sin a Belgrade, 'yan jarida uku suka mutu, aka ce tsohuwar taswira ce ta jawo, kuma har yanzu gwamnatin Sin tana tuna wa duniya wannan rana. A watan Agusta na 1998 kuma Amurka ta rushe masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum bisa zargin tana haɗa sinadarin guba, ba a kuma gabatar wa duniya hujjar da ta gamsar ba.

Mutuwar da ta fi yawa ma sau da yawa ba ta zuwa a daren harin. Idan aka lalata tashar lantarki da sunan raunana soja, injin tura ruwan sha ya tsaya, na tace ƙazanta ya tsaya, firijin da ke ajiye allurar rigakafi ya huce, jaririn da ke cikin kwalabar asibiti kuma ya dogara da janaretan da mansa ke ƙarewa. Wannan shi ne abin da ya sami Iraƙi bayan 1991, inda cututtukan gudawa suka yi ta ɗaukar yara bayan jirage sun koma gida. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya wajabta bambance soja da farar hula, ya kuma hana harin da ɓarnarsa ga jama'a ta wuce amfanin sojan da ake nema, amma wanda yake auna wannan ma'auni shi ne mai kai harin da kansa.

Idan hare-haren suka kai ga faɗuwar gwamnatin, ba an huta ba ke nan?

Jirgin sama yana iya taimakawa a kayar da shugaba, amma ba ya tsare rumbun makamai, ba ya biyan albashin 'yan sanda, ba ya sasanta ƙabilu. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 na watan Maris 2011 ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya, amma aikin ya zarce har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, sannan waɗanda suka kai harin suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar a hannun ƙungiyoyin mayaƙa. Makaman da aka wawashe daga rumbunan gwamnati suka bi hamada zuwa kudu, tawaye ya ɓarke a arewacin Mali a watan Janairu na 2012, sojoji suka yi juyin mulki a Bamako a watan Maris, Kidal da Gao da Timbuktu suka faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi. Libiya kanta ta rabu gida biyu. Barack Obama ya amsa da bakinsa a 2016 cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa. Rasha da Sin, waɗanda suka ƙaurace wa ƙuri'ar ba tare da sun hau kujerar na-ƙi ba, sun ce an yaudare su, suka kuma riƙa toshe ƙudurorin da suka shafi Siriya tun daga wannan shekara.

Wane tasiri harin yake yi ga siyasar cikin gida ta ƙasar da ta kai shi?

Da farko farin jinin shugaba yakan ɗan tashi, amma ba ya daɗewa. Abin da yake daɗewa shi ne ikon da ɓangaren zartarwa yake ƙwacewa daga majalisa. Tsarin mulkin Amurka ya bai wa majalisa ikon ayyana yaƙi, wata doka ta shekarar 1973 kuma ta wajabta wa shugaba sanar da ita cikin sa'a 48 da dakatar da faɗa bayan kwana 60 idan ba ta amince ba, amma shugabanni daga jam'iyyun biyu sun sha cewa hari ta sama bai kai a kira shi yaƙi ba. Wani lokaci majalisa takan taka birki, kamar yadda ta Birtaniya ta yi a watan Agusta na 2013, inda ta ƙi amincewa da kai wa Siriya hari da ƙuri'a 285 a kan 272.

Akwai kuma tarkon da shugaba yake ɗana wa kansa. Idan harin farko bai sa abokin gaba ya rusuna ba, janyewa ta zama abin kunya, sai a ƙara wuta. Haka Amurka ta fara yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan bama-bamai a 1965, ta tura sojojin ruwa domin gadin filin jiragen Da Nang, kafin 1968 ta ƙare kuwa tana da sojoji sama da rabin miliyan a ƙasar.

Ƙasashen da ba ruwansu da rikicin fa?

Su ma suna biya. Maƙwabta ne suke karɓar 'yan gudun hijira, su ne kuma ake keta sararin samaniyarsu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yana bi ne ta mashigin Hormuz, saboda haka duk barazana a can tana taɓa farashin sufuri da abinci a ƙasashe masu nisa. Saudiyya da ƙawayenta sun fara luguden wuta a Yaman a watan Maris na 2015 da nufin mayar da gwamnatin da 'yan Huthi suka kora, amma a watan Satumba na 2019 harin jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami a kan matatar Abƙaiƙ ya tsayar da kusan rabin man da Saudiyya ke haƙowa na ɗan lokaci, kuma da aka tsagaita wuta a 2022 'yan Huthi suna nan riƙe da birnin San'a.

Yaushe illar take ƙarewa bayan an daina jefa bama-baman?

Takan wuce rayuwar waɗanda suka ba da umarnin. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta jefa wa Laos bama-bamai sama da tan miliyan 2, a cikinsu akwai ƙananan bama-bamai masu warwatsuwa kimanin miliyan 270, waɗanda aka ƙiyasta kusan miliyan 80 daga cikinsu ba su fashe ba. Girman kowanne bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba, suna nan kwance a gonakin shinkafa da ƙarƙashin ciyawa, manomi ya kai fartanya ya doki ɗaya, ko yaro ya tsinta ya ɗauka abin wasa ne, ko mace ta hura wutar girki a ƙasan da wani yake binne. Mutum sama da 20,000 ne suka mutu ko suka nakasa ta wannan hanya bayan yaƙin ya ƙare, kuma akwai filayen noma masu kyau da har yau ba a iya shiga. An ƙulla yarjejeniyar haramta irin waɗannan makamai a 2008, amma Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba. Ko a Jamus, mai kuɗi da kayan aiki, a watan Satumba na 2017 sai da aka kwashe mutum kusan 60,000 daga gidajensu a birnin Frankfurt domin a kwance wani bam na Birtaniya da ma'aikatan gini suka tono, shekara 72 bayan an gama yaƙin.